Yadda muke Sallah a gidanmu ba mu ci bashin kowa ba

Akwai wata ƙaramar Sallah da ba na mantawa da ita. Ana saura kwana goma sha biyu dillaliyar unguwarmu ta yi sallama, ta baje atamfofi a kan tabarma, ta ce, "Malama ɗauki kawai, kuɗi ai sai kin samu." Na ɗauki turmi uku da leshi ɗaya. Ranar Idi kuwa mun fito fes, har facalata na tambayar inda na saya. Sai dai har aka yi layya ban gama biya ba. Duk ranar da albashi ya shigo, kafin in dawo daga makaranta tana zaune a tsakar gidana tana wasa da autana, kamar zumunci ne ya kawo ta. A nan na gane cewa wawan nan da ake cewa Sallah ta wuce ta bar shi da bashi, ashe har da masu takardar NCE ta malanta a cikin danginsa.

Ni malamar firamare ce a Kano. Maigidana gyaran janareta da injin ban-ruwa yake yi, wata rana a samu, wata rana a dawo hannu na dukan cinya. 'Ya'yanmu huɗu, mata biyu maza biyu. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, kowa ya san yadda kasuwa ta koma, kuma naira 70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ko buhun shinkafa 'yar waje ba ta saya ba a lokacin. Duk da haka, tun daga waccan Sallar ta dillaliya ban sake shiga Shawwal da bashin kowa a wuyana ba. Ga yadda nake yi, wanda ya ga abin ɗauka ya ɗauka.

A Rajab nake farawa. Wata rana bayan isha'i, yara sun yi barci, sai in ɗauko tsohon littafin rubutu in zauna da maigida. Layi uku nake ja. Na farko abin da ya zama dole, na biyu abin da za a yi in Allah ya hore, na uku kuma na sa masa suna "don idon mutane". Wannan na ukun shi ne maganin, domin sai kin rubuta da hannunki za ki ga yawan abin da ke cikinsa. Sabon labule, lemon kwalba katan biyu, ankon da matan dangi suka fitar, canza leda a falo, mayafin da zai shiga da takalmi da jaka. Shekarar farko da muka yi wannan lissafi, layi na uku ya fi na farko tsawo. Maigida ya dube shi ya ce, "To, mutanen nan da muke yi wa hidima haka, ko ɗaya daga cikinsu zai zo ya taya mu biya?" Na karɓi biro na soke shi gaba ɗaya, in ban da mayafin, wanda na mayar layi na biyu. Ni ma mutum ce.

Kuɗin kuma daga adashe suke fitowa. Muna da na malamai a makaranta, kuma tun farkon zubi nake roƙon uwar adashe ta sa kwasata ta faɗo a Sha'aban. In kin makara wata ta riga ki, nemi wadda za ku yi musayar wata, yawanci akwai mai bikin da ta fi son wani lokacin. Maigida shi asusun katako yake da shi a shago, duk ranar da aka yi aiki mai kauri ya jefa wani abu, ba a fasawa sai an ga watan Sha'aban.

Abu na farko da ke layin dole shi ne zakkar fidda kai. Mudun Nabi huɗu ne a kan kowane mutum, daga abincin da aka fi ci, mu shida ke nan mudu ashirin da huɗu. Ina auna geron ko masarar tun kafin azumi, lokacin da nake sayen na kunu, in ɗaure a buhu daban in ɗora a kan durowa inda hannuna ba zai kai ba ranar da garin tuwo ya yanke. Ana saura kwana ɗaya ko biyu sai maigida ya kai wa waɗanda muka riga muka sani a layinmu, don su ma su samu damar kai niƙa kafin ranar. Na ga gidajen da aka ɗinka wa kowa kala uku, sai da safiyar Idi ake rarraba ido ana neman inda za a ranto hatsin fidda kai. Wannan kam an sa keke a gaban doki.

Yanzu ga babbar magana, kayan Sallah. Nan ne kuɗi ke tafiya, nan ne kuma zuciya ke karyewa, domin babu uwar da ke son ɗanta ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon sa'o'insa. Ƙa'idata ita ce kowane yaro kala ɗaya sabo, a dinka shi da kyau. Rana ta biyu da ta uku kuma na bara ne ko na wani biki, a wanke a goge.

Kantin Kwari nake shiga a farkon Sha'aban, ranar aiki da hantsi, ba Asabar ba. A lokacin 'yan kasuwa na da sararin yin ciniki da ke, har su sauko miki da na saman kanta ki duba. In kika bari sai goman ƙarshe, ko wurin sa ƙafa ba za ki samu ba, kuma yaron shago ba zai ko ɗago kai ba in kin ce "alhaji a rage". Turmin atamfa yadi shida ne, kuma turmi ɗaya yana fitar wa 'yan matana biyu doguwar riga da ɗankwali kowacce, tunda ƙaramar ba ta wuce shekara bakwai ba. Mazan kuma yadi iri ɗaya nake yanko musu a haɗe, ya fi sauƙi a kan a yanka daban-daban, tela ma ya fi samun yadda zai juya almakashi. Mutane su ga kamar anko muka yi da gangan. Ban taɓa gyara musu zance ba.

Ki kuma tambayi ragowar yadi. Kusan kowane mai yankan yadi yana da guntayen da suka rage a ƙarshen bandir, yadi biyu, biyu da rabi, kuma yana neman kai da su. Wannan ya ishi yaro ɗan shekara biyar riga da wando. Takalma kuma Ƙofar Wambai nake zuwa, in zaɓo na gwanjo masu ƙwari, in wanke da burushi in shafa musu mai. Na gwanjo mai kyau ya fi sabon roba mai ƙyalli da zai tsinke a hanyar dawowa daga Idi. In za ki je, ki zana ƙafar kowane yaro a takarda ki yanke ki tafi da ita a jaka, kada ki ja su kasuwa. Yaro in ya ga takalmi mai fitila a ƙasa, lissafinki ya rushe.

Mu manya fa? Ni da maigida mun yi shekara uku muna karɓa-karɓa, bana ni, baɗi shi. Abin da addini ya nema shi ne mutum ya yi wanka ya sa mafi kyawun abin da yake da shi, kuma mafi kyau ba lallai sai sabo ba. Maigida yana da wata farar shadda tun ta ɗaurin auren ƙaninsa, ta fara ja. Ya kai ta wurin marina a Ƙofar Mata, inda allon bakin ƙofar ya ce tun 1498 ake rini, aka mayar da ita shuɗiya, masu bugu suka buge ta har tana ɗaukar ido. Hularsa kuma mai wankin hula ya kai wa. A filin Idi wani abokinsa ya kama hannun rigar yana murzawa yana cewa lallai bana injinan ban-ruwa sun yi albarka.

Tela kuwa, Allah ya shirye mu da su baki ɗaya. Ki kai ɗinki kafin a ga watan azumi, ki biya rabi, ki ce masa tafiya za ku yi ranar goma sha biyar, in kuwa ba kya son faɗin abin da ba shi ba, ki ce masa kawai ranar sha biyar za ki zo ki zauna a shagon. Da zarar azumi ya raba, kuɗin ɗinki ya hau, ga rashin wuta, ga shi ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa. Wata shekara na yi sakaci, daren Sallah ƙarfe ɗaya maigida yana zaune a benci a shagon wani tela tare da wasu iyaye maza su biyar, kowa ya yi tagumi. Da asuba ya dawo da wandon babban ɗanmu, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ga ba a zura mazugi ba. Da igiyar atamfa na ɗaure masa. Kuma ki ce a sake ɗinkin kaɗan, a bar lanƙwasa a ƙafar wando da hannun riga, domin kayan nan su za su yi babbar Sallah bayan wata biyu da kwana goma, kuma yara ba sa jiran kowa wajen tsawo.

Lalle da kitso ba na biya. Garin lalle na 'yan kuɗi kaɗan da salatif ya ishe mu ƙunshi ni da 'yan mata, maƙwabciyata ta yi musu kitso, ni kuma in yi wa nata ƙunshi. Daren ashirin da takwas muke yi, a tsakar gida, kowa ƙafa a cikin leda, ana ta gardamar ko gobe za a ga wata.

Abinci. A nan lokaci ya taimake mu, domin shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa ne a Maris ko Afrilu, daidai lokacin da tumatir ɗin rani na wajajen Kura da Kadawa ya cika kasuwa. Mu huɗu muke haɗa kuɗi a layinmu, a sayo kwandon tumatir da tattasai da attarugu a 'Yankaba a raba. Rabin nawa nake markaɗawa in tafasa har ruwan ya ƙone in zuba mai a kai, sauran in yanka in shanya a rufin kwano ya zama kauɗa. Kauɗar nan ita ke ceto na a babbar Sallah, wadda yanzu take zuwa a farkon damina, lokacin da tumatir ke tsada kamar ba a ƙasar ake noma shi ba.

Nama kuma watanda muke shiga. Maza a masallacin layinmu suna haɗa kuɗi tun farkon azumi, a sayi sa, a yanka ana gobe Sallah, a kasa kashi-kashi daidai kuɗin kowa. Kashi ɗaya muke ɗauka, wani lokaci ma rabi mu raba da maƙwabta. Ya fi na mahauta auki nesa ba kusa ba, kuma ana haɗa miki da ƙashi da kayan ciki, waɗanda su ne daɗin miyar taushe. Sharaɗi ɗaya: a ba wa mai amana riƙon kuɗin, kuma a je sayen san mutum uku.

Girki ɗaya nake yi ranar Idi, in yi shi da yawa, in yi shi da kyau: waina da miyar taushe. Kwano biyu na shinkafar tuwo nake jiƙawa tun la'asar ɗin jajibiri, a kai niƙa da daddare, in sa yis in rufe, kafin asuba ƙullu ya tashi. Miyar kuma kabewa ce da gyaɗa da alayyafo da ɗan yakuwa, duk abubuwan da ba su da tsada, romon ƙashi ya ɗaure su. Na daina biye wa masu shinkafa kala biyu da kaji da haɗin kabeji. Ba wanda ya taɓa dawo min da kwanon waina bai taɓa ba. Abin sha zoɓo ne da citta da kanumfari, in ƙulla a leda in kai gidan mai firji tun dare. Cincin kuwa mu uku muke haɗa fulawa da mai mu soya a kasko ɗaya, domin man da za ki zuba ki soya kwano ɗaya shi ne dai zai soya uku.

Rabon abinci shi ma da dabara. Kwanon da ya shigo daga wani gida ba na juye shi a ajiye har ya lalace. In tuwo ya zo daga gidan liman, shinkafa daga gidan mai unguwa, yara sun samu canjin baki da rana da dare, ni kuma ban sake hura wuta ba. Amma kwano biyu na farko da na fara zubawa, tun wainar na da zafi, na wata tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi da kuma na almajiran da ke mana ɗiban ruwa. Autana ne ke kai na tsohuwar. Takan riƙe shi ta yi ta sa masa albarka har wainar ta huce.

Goron Sallah kada ki sayi sabbin kuɗi a hannun masu canji, kina ba da dubu ana ba ki abin da bai kai dubu ba. Tun farkon azumi duk 'yar hamsin ko ɗari mai tsabta da ta shigo hannuna nake sakawa a tsakiyar littafin nan. Kada dai ki ce za ki goge su da dutsen guga kamar yadda babbar 'yata ta taɓa yi. Daga naira biyar zuwa hamsin na leda ne, nan take ta naɗe ta zama kamar ƙwaro. In 'yan canjin sun ƙare, alawa ce a faranti, kowa ya ɗauki biyu. Kuɗin da yarana suka samo kuma na daina yi musu "kawo in ajiye maka" irin ta iyayenmu, wadda har yau ba mu ga ajiyar ba. Rabi nasu ne su sayi abin da suka ga dama, ko balan-balan ne, rabi a asusun gwangwani a gabansu.

Yawon Sallah shi ne inda kuɗin mota ke cinye mutum bai sani ba, don 'yan Adaidaita Sahu su ma Sallarsu suke nema. Sai na tsara gidajen bisa hanya. Ranar Idi gidan surukaina kawai, da duk wanda ke kusa da su da za a taka da ƙafa. Washegari gidanmu a cikin gari, kuma mun yi magana da yayyena da ƙannena kowa ya zo can da abin da ya dafa, a haɗu a gaisa gaba ɗaya, maimakon a yi ta zagayen gida bakwai. Daga nan da yamma, in an yi hawa a shekarar, mu taka zuwa Ƙofar Kudu kallon Hawan Daushe, wanda ba a biyan ko sisi, sai dai ki riƙe hannun yaro gam ki kuma tsaya nesa da dawakai. A babbar Sallar 2024 da rikicin sarauta ya sa aka hana hawa, yaran sun yi ta ƙunci, sai kakansu ya zaunar da su a soro ya yi ta ba su labarin 'yan lifida da 'yan sulke da yadda ake jafi. Har yanzu ƙaramin yana hawa muciyata yana jafi a gaban babansa.

Gaisuwar surukai na fi jin nauyinta a da, don gani nake sai da turmin atamfa. Wata shekara da babu, na soya dubulan na zuba a sabuwar roba, na haɗa da sabulu biyu da ɗan turaren wuta, na durƙusa ina ba da haƙuri. Sai Hajiya ta ce, "Ke 'yar nan, atamfar da kika kawo bara tana nan cikin akwati ko ɗinkawa ban yi ba. Miƙo min dubulan ɗin." Ta ɓoye shi a ƙarƙashin gado don kada jikoki su gani.

Babbar Sallah ba zan ja ta da tsawo ba, tunda kayan sawa an riga an yi, kauɗa na nan. Maganar rago ce kawai. Layya tana kan mai hali, kuma dabba ɗaya ta isar wa maigida da iyalinsa. Ba dole sai rago mai ƙaho uku-uku ba, tunkiya ko akuya ma sun yi in sun kai shekarun da malamai suka faɗa kuma ba su da aibi. Kwanakin yanka uku ne, ranar Idi da biyu bayanta, kuma sau da yawa da yammacin ranar farko masu dabbobi sun ƙosa su koma gida, ba sa son biyan kuɗin motar mayar da su, sai farashi ya sauko. Sau biyu muna yanka a rana ta biyu. Watanda kuwa nama ce kawai ta ci, kada a ɗauke ta a matsayin layya ba a tambayi malami ba. Shekarar da ba mu yanka ba, maigida ya ƙi fita ƙofar gida don kunya, sai ga cinya daga nan, haƙarƙari daga can, har sai da na yi suya ta cika ƙaramar tukunya. Da daddare yana cin soye ya ce shi dai baɗi ko ɗan akuya ne sai ya kama tun yana ƙarami ya kiwata da dusa da harawa. Ya kuwa kama. Akuyar ta cinye min shanyar kuɓewa da littafin lissafin 'yan aji huɗu kafin ranar ta ta zo.

Kwana biyu bayan Sallah nakan koma littafin in rubuta abin da aka kashe a gaban abin da aka ƙiyasta, da abin da ya yi saura, da abin da ya gaza. Bara na rubuta: man gyaɗa bai isa ba, a ƙara kwalba ɗaya, zoɓo ya yi yawa, takalmin auta ya matse shi tun a filin Idi, a ƙara lamba.

Dillaliyar nan har yanzu tana zuwa, ba mu ɓata ba. Bana ma ana saura kwana goma ta shigo da wani leshi ruwan goro, ta shimfiɗa min shi a cinya ta ce, "Malama wannan ai jikinki yake nema." Na shafa shi na ce wallahi ya yi kyau. Na naɗe mata abinta, na ce ranar Idi ta aiko yarinya da kwano. Ta aiko da babba.